Ranar Taga

Idan baƙo ya shigo makarantar ya tambayi malamin lissafi na aji biyu da sunansa na yanka, sai ma'aikata su yi ta kallon juna, kafin can wani ya ce, "Au, Malam Taga kake nufi? Bi nan, ajin ƙarshe." Laƙabin ya daɗe da cinye sunan asali. Har gida ya bi shi, don matarsa ma, ranar da ta tashi da tsokana, da shi take kiransa cin abinci.

Mutum ne siriri, mai tafiya a hankali kamar wanda ya ɗauko kwano cike da ruwa, kuma tun yana yaro hankalinsa ba ya zama inda jikinsa yake. Mahaifinsa mai gyaran keke ne, ya so ƙwarai ɗan ya gaji sana'ar. To amma in an ba shi robar cikin taya ya tsoma a ruwa ya nemo huji, sai a dawo a tarar ya ga hujin tun tuni, yana nan tsugune yana kallon kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya, mai keke kuwa yana tsaye yana tsaki. Daga ƙarshe uban ya ce wannan yaro sifana ba za ta ciyar da shi ba, gara a bar shi da boko, can ko ya yi mafarki ido biyu babu wanda zai makara.

A boko ma bai sauya hali ba. Kowane aji ya shiga, kujerar bakin taga yake nema. Lissafi kuwa hadda ya yi masa, yadda yaro ke haddace hanyar gidan gwaggonsa ba tare da ya san sunan unguwar ba: a yi kwana nan, a miƙe can, sai ga amsa. Da haddar ya ci jarrabawa, da ita ya gama kwalejin horon malamai, da ita kuma aka turo shi wannan ƙaramar sakandare yana saurayi, da wando ɗaya na kirki da kwalin alli.

A shekararsa ta farko abin ya same shi. Ya rubuta 3(4 + 2) a allo, ya faɗa wa yara dokar yadda aka faɗa masa: lambar da ke wajen baka takan ninka kowace lamba da ke ciki, sannan a tara. Uku sau huɗu, a haɗa da uku sau biyu. Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya tambayi dalili. Ba rashin kunya ba ne, so yake ya sani. Malam ya buɗe baki, ya tarar babu komai a ciki, don shi ma bai taɓa sani ba. Sai ya yi abin da ya saba yi duk lokacin da duniya ta matse shi: ya juya ya kalli taga.

Tsohuwar taga ce ta katako, koren fentinta ya fara ɓarewa tun a lokacin. Ƙyaure biyu gare ta, babba da ƙarami, kamar dai katako ya ƙare wa kafinta a tsakiyar aiki ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Gilasanta hawa uku ne. A kowane hawa, babban ƙyaure yana da gilashi huɗu, ƙaramin yana da biyu. Malam yana kallon reshen bishiya ta gilashin sama, yana addu'a a kaɗa ƙararrawa, sai idonsa ya dawo daga kan bishiyar ya tsaya a kan tagar kanta. In ka bi hawa-hawa, gilashi shida ne sau uku, sha takwas. In ka bi ƙyaure-ƙyaure, sha biyu ne a babba, shida a ƙarami, sha takwas ɗin dai. Taga ɗaya, ƙirga biyu. Waɗanda suke ajin sun ce ya daɗe tsaye da alli a hannu yana murmushi shi kaɗai, har suka fara tunanin ko a kira shugaban makaranta.

Daga ranar bai sake koyar da wannan darasi a allo ba. Duk shekara, in zango na biyu ya yi nisa, sai ya sa yara su juya kujerunsu su fuskanci taga. Yaran suka sa wa abin suna Ranar Taga, yayye suna ba ƙanne labari a gida, har ya zama yaro yana aji ɗaya yana ɗokin zuwanta.

Shi kuwa ya san kowane gilashi kamar yadda uwa ta san halin 'ya'yanta. Na sama ta hagu na reshen bishiya ne. Na kusa da shi igiyar shanyar maƙwabta ce, inda ya ga rigunan jarirai sun zama kayan makaranta, sun zama manyan riguna, sannan rigunan jarirai suka sake dawowa. A hawa na ƙasa ƙafafun masu wucewa kawai ake gani, da kujerar maigadi. Ƙaramin ƙyaure na tankin ruwa ne da tattabarun da ke taro a kansa ba sa cimma matsaya. Akwai kuma wani gilashi a tsakiya mai ɗan lanƙwasa, wanda duk ya gifta ta cikinsa sai ya yi tsawo ya sake gajarcewa, har da masu duba makarantu.

In yara sun gama ƙirga iri biyu, sai ya aro tsohuwar taswira a wajen malamin labarin ƙasa ya rataya ta rufe babban ƙyaure. Ya ce su ɗauka ba su san gilashi nawa ne a kowane hawa a bayan taswirar ba, a kira shi x. Duk tagar ke nan 3(x + 2), ko kuma 3x + 6, magana ɗaya ce ta sauya riga. In wani ya rubuta 3x + 2, kuskuren da yaran duniya suka yi wa rantsuwa, Malam ba ya faɗa. Yakan dube shi da tausayi ya ce ya bar ƙaramin ƙyaure da hawa ɗaya, yanzu in ruwan sama ya zo ta ina za a tare shi?

Sai dai a faɗi gaskiya, dabarar tana da 'yan matsalolinta. Yaran sun riga sun ga abin da ke bayan taswira, saboda haka ɗaliban Malam Taga sukan fita duniya da yaƙinin cewa x huɗu ne, kunya ce kawai ta sa ake ɓoye shi. In lambar da ke wajen baka uku ce, babu mai kama ƙafarsu. In biyar ce ko bakwai, sai ka ga sun tsaya suna cizon biro kamar an kawo musu baƙo. Masu gyaran takardun jarrabawa kuma sun sha yin ƙorafi cewa yaran wannan makaranta suna zana tagogi a gefen takarda, wasu har da labule da tattabaru. Malam ya san da duk wannan. Yakan ce a ransa baɗi zai gyara, baɗin ta zo ya sake juya kujeru.

Matarsa mai ɗinki ce, kekenta a bakin ƙofar falo inda haske ya fi. Ita ce ta fi kowa gane darasin, ko da yake ba ta taɓa shiga ajin ba. In ta aike shi ya biyo da albasa ya dawo hannu sake, yakan ce ba mantawa ya yi ba, hankalinsa ne ya ɗan tafi wani wuri. Ita kuwa ba ta ɗago kai daga ɗinki takan ce, "Baban yara, ai wannan irin lissafinka ne. Ko ta hawa aka ƙirga ko ta ƙyaure, albasa dai babu." A haka suka tarbiyyantar da yara har suka watse gidajensu, ita tana riƙe da ƙasa, shi yana lura da sama.

Shekarar da zai yi ritaya ce aka samu masu gyara ginin makarantar. Shugabar makaranta, mace mai kuzari da saurin tafiya, ta tara malamai ta yi musu albishir: sabon rufi, sabon fenti, kuma duk tsofaffin tagogi za a cire a sa na zamani, gilashi guda babba mai zamewa. Kowa ya yi tafi. Malam Taga ma ya yi, sai da hannunsa ya sauka sannan maganar ta iso inda hankalinsa yake.

Ya bi ta ofis, yana juya hula a hannu, ya roƙi a bar ajin ƙarshe har bayan zango na biyu. Ta saurare shi da ladabi, don ita ma ta san labarin. Ta ce da ikonta ne da ta bari, amma ma'aikatan sau ɗaya za su zo, in sun tafi sun tafi. Ya ce to ko ya matso da darasin gaba? Shi da kansa ya ba kansa amsa kafin ta yi magana: yaran ba su ma fara haɗuwa da harafi a cikin lissafi ba, in ya kai su taga yanzu bishiya kawai za su gani. Sai ya nemi alfarma ɗaya, in an cire ta a ba shi. A ransa ya riga ya ga yadda zai turo ta a baro ranar darasi, yara biyu su riƙe ta a gaban aji.

Ranar da kafinta ya zo, Malam yana tsaye a kansa kamar mai jinya. Aka zare gilasan aka jingine, aka sa ƙarfe aka ɗan taɓa katakon, sai ya zube. Gara ta daɗe da gama aikinta a ciki, ta bar siffar kawai don mutunci. Kafinta ya murza wani guntu a tafin hannu ya zama gari, ya ce, "Baba, ai wannan fenti ne kaɗai ke riƙe da ita." Malam ya sunkuya ya tsinci sakatar ƙarfe a cikin garin, ya hure ta, ya sa a aljihu.

Makonnin da suka biyo baya bai cika magana ba. Ya gwada zana taga a allo bayan an tashi, ya ja da baya ya duba, ya ga akwatuna ne kawai, babu reshe babu tattabara, ya goge. Matarsa ta kawo masa kwalin ƙwai, ta kawo ƙyalle mai gida-gida, ta nuna masa tayil ɗin ƙasa. Kowanne ya juya shi ya ce da kyau, ya ajiye. Abin da bai faɗa mata ba, amma ta gani a yadda yake barin shayi ya huce, shi ne tsoro. Bai taɓa fahimtar dokar nan a ko'ina ba sai a jikin tagar. Yana jin in ya tsaya gaban yara babu ita, zai koma saurayin nan mai wando ɗaya da ya buɗe baki ya tarar babu komai, kuma a darasinsa na ƙarshe. Har ya fara shawarar ya roƙi sabon malamin aji ɗaya ya karɓar masa wannan mako, ya ce maƙogwaro ke damunsa.

Akwai wata yarinya a ajin da ake kira Me-ya-sa, saboda da wannan tambaya take buɗe baki da ita take rufewa. Yayyenta maza duk ta hannun Malam suka bi. Ita ce ta tare shi a baranda, jakarta a gaba kamar mai goyon ciki, ta ce yayanta ya ce su an yi musu Ranar Taga, su kuwa an ce ba za a yi ba.

"Wa ya ce?" in ji Malam.

"Kowa. Wai taga ta mutu. Malam, me ya sa sai a kanmu?"

Ya nemi amsa a sama, inda ya saba nema, bai samu ba. Sai ya ji bakinsa ya ce za a yi, ranar da aka saba. Ta tafi da gudu ta kai labari, shi kuma ya tsaya yana mamakin wanda ya ba bakin nasa izini.

Ranar ta zo da hantsi mai laushi. Kafin ya shigo yaran sun riga sun juya kujeru, har wani ya aro taswirar ya ajiye a kan tebur. Malam ya rubuta 3(4 + 2) a allo don hannunsa ya samu abin yi, sannan ya juya. Sabon gilashin yana nan fes, faffaɗa, ya zuba komai wuri ɗaya: bishiya da shanya da tanki da maigadi, har da kan maigadin, wanda Malam bai saba gani daga nan ba. Babu hawa, babu ƙyaure, babu abin ƙirgawa. Ya tsaya. Wani yaro ya yi tari.

Hannunsa ya shiga aljihu ya taɓa sakatar, da sanyinta da ɗan tsatsarta. Bai san lokacin da ya matsa kusa ba. Ya ɗaga yatsa ya nuna wani wuri a sama ta hagu, ya ce a hankali, kamar mai yi wa kansa magana, nan ne na reshe. Ya matsa kaɗan, nan na shanya. Nan wanda ya tsage a kusurwa, nan na huɗu, sannan katako mai kauri, sannan ƙaramin ƙyaure, tanki da tattabaru. Yatsan yana tafiya yana tsayawa daidai inda kowane katako yake a da, don shekara talatin da wani abu ba wasa ba ne. Da ya zo kan mai lanƙwasa, sai ga mai shara ta gifta a waje, ya ce da a da ne yanzu ta yi tsawo ta kai rufi. Yara suka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta masu gudun kada su tashi mai barci.

Ya waiwayo ya ga Me-ya-sa ta rufe ido. Na kusa da ita ma ya rufe. Sai ya ce kowa ya rufe, ya gina tagar a cikin kansa, kore, mai ɓararren fenti. Suka ƙirga ta hawa-hawa da ido a rufe, suka samu sha takwas. Suka ƙirga ta ƙyaure-ƙyaure, sha biyu da shida. Wani yaro ya buɗe ido ɗaya ya leƙa allo, ya sake rufewa yana gyaɗa kai.

Malam ya ɗauki taswira, ya rasa inda zai rataya ta, ya ce to su rataya ta da kansu a kan babban ƙyaure, a kira abin da ke baya x. Nan take wani mai ƙaton murya a layin baya ya ce huɗu ne, yayansa ya riga ya gaya masa sirrin.

"A tawa ba huɗu ba ne," in ji Me-ya-sa, idonta a rufe. "Na leƙa. Bakwai ne."

Wata ta ce tata biyar. Wani ya ce tasa ba ta ƙirguwa, ta zagaye ajin ta fita ta baranda. Mai ƙaton murya ya ce duk ƙarya suke, a tambayi Malam. Malam kuwa har ya buɗe baki zai ce huɗu ne, don shi ya san tagarsa, sai yarinyar ta riga shi.

"Malam, tunda babu ita, me ya sa dole sai huɗu?"

Ya tsaya da taswira a hannu. Murmushin nan na shekarar farko ya dawo masa, wanda ya sa aka kusa kiran shugaba. Shekara da shekaru yana roƙon yara su yi kamar ba su san abin da ke bayan taswira ba, yau ga aji guda da gaske ba su sani ba, kuma kowa da tasa amsar, kuma ƙaramin ƙyaure bai damu ba, shida ɗinsa yana nan. Ya ce a hankali, ba dole ba ne. Ya ce kowa ya riƙe tasa, ya ƙirga ta iri biyu ya ga ko za ta saɓa. Aka yi ta motsa leɓɓa. Ba ta saɓa wa kowa ba.

Daga nan abin ya fi ƙarfinsa. Wata ta tambaya ko za ta iya ƙara hawa, gidansu rufinsa da tsawo. Ya ce ta ƙara. Ya rubuta 5(x + 2), lambar da ɗalibansa suka saba yi wa kallon baƙo, ya miƙa wa mai ƙaton murya alli. Yaron ya rubuta 5x + 2 ya juyo yana jiran yabo. Kafin Malam ya shirya fuskar tausayinsa, rabin ajin sun ce ruwa zai shigo. Yaron ya kalli sama kamar ya ji ɗigo a wuya, ya goge biyu ya sa goma.

Aka yi taga mai hawa tara. Aka yi mai ƙyaure uku. Wani ɗan shiru-shiru da bai taɓa ɗaga hannu ba ya ce tasa hawa ɗari ce, ta gilashin ƙasa ana ganin takalman mutane, ta na sama kuwa bayan gajimare ake gani, inda rana ke shanya kayanta. Malam ya tambaye shi gilashi nawa ne a ƙaramin ƙyaurenta, ya ce ɗari biyu, ba tare da ya sauko ba. Malam ya jingina da tebur shi ma ya rufe ido, ya hau tagar yaron hawa-hawa, ya wuce reshe, ya wuce tanki, tattabaru suna matsa masa hanya. A can malamin labarin ƙasa ya same su, ya zo karɓar taswirarsa da kuma ajinsa, ya tarar da mutum arba'in da malaminsu ido rufe suna fuskantar gilashi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya rasa ko sallama zai yi ko addu'a.

Da yamma Malam ya iso gida, keken ɗinki yana ta surutunsa. Matarsa ta dubi tafiyarsa tun daga ƙofa ta san amsar, amma ta tambaya yaya aka yi da marigayiya. Ya zauna, ya ciro sakatar ya ɗora a kan teburin keken, kusa da almakashi, ya ce ko za ta yi wa kabad ɗin kicin da ba ya rufuwa. Ta juya ta a hannu ta ce za ta yi.

"Taga fa?"

"Tana nan," ya ce. "Yara sun tafi da ita gida. Kowa da tasa."

Ta gyaɗa kai, ta cije zare ta tsinke. Sannan ta dubi hannayensa biyu, ta dubi bayansa ko ya ajiye wani abu a bakin ƙofa.

"Malam Taga, albasar fa?"

Ya ce ta rufe ido tukuna.